Daga Alfadari zuwa Sauro: Tarihin Binciken Shingen Haihuwa da Samuwar Sabon Nau'in Halitta

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin tarihin tambaya guda: me ke raba nau'in halitta da ɗan'uwansa, kuma ta yaya wannan rabuwa take samuwa? Ta faro daga alfadari, wanda malaman Yunan da na Musulunci suka daɗe suna nazarinsa, ta biyo ta kan masanan Turai da suka mai da rashin haihuwarsa ma'aunin gane nau'i, ta iso ga masanan ƙarni na 20 da suka nuna cewa shingen haihuwa abu ne da ke ginuwa sannu a hankali idan an raba zuriya gida biyu. Ta rufe da labarin sauron zazzaɓi, inda jahiltar wannan shinge ta jawo asarar dukiya da rayuka.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin manɗiƙi da ya karanta Isaguji na Abhari ya san cewa jinsi ya fi nau'i faɗi: dabba jinsi ce, doki kuwa nau'i ne a ƙarƙashinta. A maganar yau da kullum Hausawa kan musanya kalmomin biyu, amma wannan maƙala za ta bi tsarin malaman manɗiƙi, ta kira doki da jaki da raƙumi nau'o'i. Sai dai manɗiƙi ya tsaya ne ga ta'arifi, yana neman siffar da ta keɓanci kowane nau'i, bai ɗora wa kansa binciken yadda iyakokin suke a garke ko a daji ba. Wannan aiki na masu lura da dabbobi da tsirrai ne, kuma tun da daɗewa suka ga cewa haihuwa ce ke shata iyaka: doki da goɗiya suna haifar doki mai haihuwa, jaki da goɗiya kuwa sai su haifi alfadari, zuriyar ta tsaya a kansa.

Fiye da shekara dubu biyu ana kallon wannan tsayawa a matsayin katanga da aka tarar a gine, wadda ba a tambayar asalinta. Babban sauyin da ya auku tsakanin 1859 da 1942 shi ne katangar da kanta ta zama abin bincike. Masana suka koma tambayar yaushe aka fara ta, da me aka gina ta, kuma ko ana iya riskar ta tana rabin gini.

2.0 Alfadari a Turasin Musulmi

Aristotal ya keɓe bahasi ga rashin haihuwar alfadari a littafinsa kan haifuwar dabbobi, inda ya kawo bayanan waɗanda suka gabace shi ya raunana su. An fassara littattafansa na dabbobi zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, aka haɗa su cikin maƙala 19, kuma ana jingina fassarar ga Yahaya bin Biɗriƙ. Musulmi ba su jira fassarar ba kafin su san dabbar. Alƙur'ani ya ambaci alfadarai tare da dawakai da jakuna a aya ta 8 ta Suratun Nahli, kuma Annabi (SAW) yana da alfadara mai suna Duldul wadda Muƙauƙis na Masar ya aiko masa. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Aliyu (RA) hadisin da ke nuna ƙin ɗora jakuna a kan goɗiyoyi. Khaɗɗabi ya fassara dalilin da cewa yawaita hakan zai rage yawan dawakai, tunda cikin goɗiya ya tafi ga abin da ba zai haifu ba.

Wanda ya fi zurfafa lura shi ne Abu Usman Amru bin Bahar, wato Jahiz na Basra, wanda ya rasu a 255 bayan Hijira. Ban da Kitabul Hayawan mai juzu'i bakwai, ya rubuta littafi sukutum a kan alfadarai. Ya tattara abin da Larabawa ke faɗi game da halittun da suka fito tsakanin nau'i biyu, abin da Bahaushe ke kira barbarar yanyawa, ya auna kowace magana. Mutane suna cewa raƙumin dawa haɗin gambiza ne na raƙumi da saniyar daji da kura, saboda wuyansa da kofatonsa da zanen fatarsa, Jahiz ya yi watsi da wannan, ya ɗauke shi jahilci. Ya kuma lura cewa ba kowace barbarar yanyawa ce ke zama bakarariya ba, domin tattabarar da ake kira ra'ibi, wadda ake cewa ta fito tsakanin tattabarar gida da wani nau'in kurciya, tana da yawan haihuwa. Ke nan ya gane cewa shingen ba tsayinsa ɗaya ba a ko'ina. Wasu marubutan zamani sun zarce da cewa Jahiz ya riga Darwin kafa nazariyyar sauyawar halittu. Littafinsa bai ɗauki wannan nauyi ba. Manufarsa, kamar yadda take bayyane cikin littafin, ita ce nuna hikimar Mahalicci a cikin ƙanana da manyan halittu, kuma darajarsa a wannan babi tana cikin tantance labari da ƙin karɓar tatsuniya.

Malaman fiƙihu sun shiga batun ta ƙofar hukunci. Idan dabba ta fito tsakanin wadda ake ci da wadda ba a ci, Hanafiyya suna bin uwa, Shafi'iyya da Hanbaliyya suna rinjayar da haramci. Idan ta fito tsakanin tunkiya ko akuya da barewa, mashahurin zance a Malikiyya da mazhabar Shafi'i shi ne babu zakka a kanta, Hanbaliyya sun wajabta, Hanafiyya sun sake duba uwa. Damiri, wanda ya rasu a Alƙahira a 808 bayan Hijira, ya kawo a Hayatul Hayawan saɓanin Shafi'iyya kan cin naman raƙumin dawa, kuma cikin dalilan masu haramtawa akwai waccan magana ta cewa ya fito ne tsakanin abin ci da wanda ba a ci. Wannan misali ne na yadda kuskure a sanin halitta ke iya shiga cikin fatawa. Ya kamata kuma a kiyaye cewa rabe-raben fiƙihu suna bin manufar hukunci ne. Ana haɗa tumaki da awaki a nisabi ɗaya, haka shanu da ɓaunar gida, alhali ba sa haifar zuriya mai ɗorewa a tsakaninsu. Jinsin fiƙihu daban, nau'in masana halittu daban.

3.0 Yadda Shinge Ya Zama Ma'auni a Turai

A 1686 John Ray na Ingila ya rubuta cewa abin da ke tabbatar da nau'in tsiro shi ne fitowarsa daga irin makamancinsa, ko da launi ko girma sun saɓa. Buffon na Faransa ya ƙara matsawa. A babin da ya rubuta kan jaki a 1753 ya ɗauko tambayar ko jaki doki ne da ya lalace da tsawon zamani, ya juya ta ta kowace fuska, sannan ya ƙi amincewa, hujjarsa kuwa alfadari. A wurinsa, dabbobi biyu nau'i ɗaya ne idan suna haifar 'ya'ya masu haihuwa, nau'i biyu ne idan ba sa yi. Da wannan aka sami ma'auni da za a iya gwadawa, maimakon dogaro da kamanni kaɗai.

Masana tsirrai ne suka fi iya gwajin, domin ɗaukar ƙurar fure daga wannan tsiro zuwa wancan ya fi haɗa dabbobi sauƙi. A 1760 Joseph Kölreuter, Bajamushe, ya haɗa nau'i biyu na taba, ya sami tsiro mai ƙarfi wanda ƙurar furensa ba ta da amfani, ya kira shi alfadarin tsirrai. Bayansa Carl von Gärtner ya yi gwajin haɗi kusan 10,000, ya wallafa sakamakonsa a 1849. Su biyun sun yi imani cewa nau'o'i tabbatattu ne, kuma rashin haihuwar barbarar yanyawa kariya ce da aka sanya don kada halittu su cakuɗe. Sai dai alƙalumansu sun nuna abin da ya wuce haka. Wani haɗin ba ya ba da iri ko ɗaya, wani yana ba da kaɗan, wani yana ba da kusan cikakke. Wani lokaci ma ƙurar wannan tana aiki a kan wancan, amma idan aka juya ba ta aiki. Abin da Jahiz ya hango a tattabaru sai ga shi an ƙididdige shi a gonar gwaji.

4.0 Darwin da Masu Yi Masa Gyara

Charles Darwin ya keɓe babi na takwas na littafinsa kan asalin nau'o'i, wanda ya fito a 1859, ga wannan matsala, domin tana cikin manyan ƙalubalen da ya fuskanta. Nazariyyarsa ta zaɓin ɗabi'a tana cewa siffar da ke taimakon mai ita wajen rayuwa da haihuwa ita ce ke yaɗuwa. To yaya rashin haihuwa zai yaɗu, alhali ba ya amfanar mai shi da komai? Amsarsa ita ce ba a zaɓe shi ba, ya biyo bayan wasu bambance-bambance ne da suka taru a jikin zuriyoyi biyu. Ya buga misali da auren itatuwa: wata bishiya tana karɓar reshen wata, wata ba ta karɓa, kuma babu mai cewa an hana su ne don kada daji ya cakuɗe, tunda itatuwa ba sa yi wa kansu aure a daji. Alfred Russel Wallace, abokin tarayyarsa a nazariyyar, ya saɓa masa a wasiƙun da suka yi musaya a 1868. Yana ganin idan 'ya'yan haɗi raunana ne, zaɓin ɗabi'a zai fifita iyayen da ke guje wa barbara da baƙo. Bincike na baya ya nuna kowannensu ya dace a wani ɓangare.

Saura tambayar yadda bambancin zai taru idan zuriyoyin biyu suna cuɗanya, tunda kowace barbara tana goge abin da ya fara rabuwa. Moritz Wagner, Bajamushen da ya yi yawon bincike a Aljeriya daga 1836 zuwa 1838, ya lura da wasu ƙwari marasa tashi waɗanda nau'insu ke sauyawa duk lokacin da aka ƙetare ɗaya daga kogunan da ke gangarowa daga duwatsun Atlas. A 1868 ya wallafa cewa ba a samun sabon nau'i sai an sami rabuwar wuri. Darwin ya yarda cewa rabuwar tana taimakawa, amma ya ƙi yarda cewa sharaɗi ce. John Gulick, mai wa'azin Kirista da aka haifa a Hawai, ya kawo irin wannan shaida daga tsibirin Oahu, inda kusan kowane kwari yake da nasa nau'in dodon koɗi na kan bishiya, alhali ruwa da ciyayi kusan iri ɗaya ne. A 1908 David Starr Jordan na Amurka ya ja hankali ga kifayen da ke gefe biyu na siririyar ƙasar Panama, inda ake samun nau'i a tekun Atlantika da tagwayensa a tekun Fasifik. Ƙasar ta rufe mashigin da ke tsakanin tekunan kimanin shekara miliyan uku da suka wuce.

Muhawarar ta iso ƙasashen Larabawa tun Darwin bai daɗe da mutuwa ba. A 1884 Shibli Shumayyil ya fassara sharhin Büchner kan Darwin, ya gabatar da shi a rigar zindiƙanci da inkarin Mahalicci, abin da ya sa mutane da yawa suka haɗa binciken da kafirci. Shaihu Husaini al-Jisr na Ɗarabulus ta Sham ya bi wata hanya a Risalatul Hamidiyya, wadda ta fito a 1888. Ya rarrabe tsakanin aƙidar cewa Allah ne Mahaliccin komai, wadda ba ta karɓar sassauci, da tambayar ko Ya halicci nau'o'in dabbobi da tsirrai kai tsaye ne ko ta hanyar sababi da matakai. Matsayinsa shi ne a tsaya kan zahirin nassi muddin hujjar masu bincike zato ce, idan kuwa ta kai yaƙini to ƙofar tawili a buɗe take. Asalin ɗan Adam, wanda nassoshi suka yi magana a kansa dalla-dalla, bahasi ne mai zaman kansa da ya fita daga iyakar wannan maƙala.

5.0 Gano Tubalan Katangar

Darwin ya rasu bai san yadda gado ke tafiya ba. Sai bayan da aka farfaɗo da aikin Gregor Mendel a 1900 aka sami kayan aikin warware matsalar. A 1922 J. B. S. Haldane ya fitar da ƙa'ida daga tarin gwaje-gwaje: idan a cikin 'ya'yan haɗi ɗaya daga namiji ko mace ne ya rasa haihuwa ko ya ƙi rayuwa, to wanda ke ɗauke da kuromosom biyu mabambanta na tantance namiji da mace ne, wato namiji a dabbobi masu shayarwa da ƙudaje da sauro, mace a tsuntsaye. Wannan ya nuna cewa shingen yana da tsari, kuma yakan fara ta gefe ɗaya kafin ya rufe.

Theodosius Dobzhansky, wanda ya bar Tarayyar Sobiyet zuwa Amurka a 1927, ya yi aiki da wasu ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace masu kama ɗaya a ido, waɗanda haɗinsu ke ba da maza marasa haihuwa da mata masu haihuwa. Ta hanyar mayar da matan ga iyayensu na kowane gefe, ya nuna cewa ƙwayoyin gado da yawa ne, a warwatse cikin kuromosom daban-daban, ke haddasa rashin haihuwar. A littafinsa na 1937 ya jera hanyoyin da ke hana zuriyoyi cakuɗuwa. Wasu suna aiki kafin barbara: zama a wurare daban, balaga a lokuta daban, saɓanin kuka ko ƙamshi ko rawar neman mace, rashin dacewar gaɓoɓi. Wasu suna aiki bayanta: cikin ya lalace, ɗan ya fito rarrauna, ko ya fito ƙaƙƙarfa amma ba ya haihuwa.

Shi da Hermann Muller sun kuma warware kullin da ya dami Darwin. A ɗauka zuriya ɗaya ta rabu gida biyu. A gida na farko wata ƙwayar gado ta sauya, sauyin ya dace da sauran ƙwayoyin da ke wurin, ya yaɗu. A gida na biyu wata ƙwayar daban ta sauya, ita ma ta dace, ta yaɗu. Babu gidan da ya cutu. Amma sauye-sauyen biyu ba su taɓa haɗuwa a jiki ɗaya ba, ranar da suka haɗu a jikin ɗan haɗi sai su ƙi aiki tare. Misalinsa kwafi biyu ne na littafi ɗaya da aka kai garuruwa biyu: a wannan gari aka sake lambobin babuka, a wancan aka ƙara hashiya mai nuni ga tsofaffin lambobi. Kowane kwafi daidai yake a karan kansa, amma wanda ya ɗinke rabin wannan da rabin wancan zai sami nuni da ba ya kai wa ga komai. Game da alfadari, an tabbatar a farkon shekarun 1960 cewa doki yana da kuromosom 64, jaki 62, alfadari 63. Samar da maniyyi ko ƙwai yana buƙatar kuromosom su jeru bibbiyu, na uwa da na uba, su kuwa na doki da na jaki sun saɓa a adadi da tsari. Duk da haka akan sami alfadara ta haihu jefi-jefi, kamar wadda aka ba da labarinta a Maroko a 2002.

Ernst Mayr, wanda ya tattara tsuntsaye a Niyu Gini da tsibiran Solomon daga 1928 zuwa 1930, ya haɗa wannan da ra'ayin Wagner a littafinsa na 1942. Ya bayyana nau'i da cewa jama'ar halittu ce masu haihuwa a tsakaninsu, waɗanda shingen haihuwa ya raba su da sauran jama'o'i. Ya nuna matakan a tsuntsayen tsibirai: teku ko dutse ya raba zuriya, bambanci ya taru, idan suka sake haɗuwa da wuri sai su narke cikin juna, idan an daɗe sai su zauna kafaɗa da kafaɗa ba tare da cakuɗuwa ba. A 1993 Nancy Knowlton da abokan aikinta suka gwada tagwayen jatan lande na gefe biyu na Panama, suka tarar cewa idan aka haɗa su a wuri ɗaya da wuya su haifar da komai.

An kuma riski ginin yana gudana. A 1950 Marion Ownbey ya ba da rahoton sababbin nau'o'i biyu na wata ciyawa mai suna Tragopogon a jihar Washington ta Amurka. Iyayensu daga Turai aka shigo da su, haɗinsu bakarare ne, amma da adadin kuromosom ya ninka sai kowane ya sami abokin jeruwa, tsiron ya koma haihuwa da irinsa, ya rabu da iyayensa. Alkamar burodi mai kuromosom 42 ta irin wannan hanya ta samu, daga ciyayi uku. A tsibirin Daphne Major na Galapagos kuma, Peter da Rosemary Grant sun ga wani baƙon tsuntsu ya sauka a 1981, ya yi barbara da 'yar gida, zuriyarsa ta gaji kukansa da girman bakinsa, cikin 'yan tsatso kaɗan ta koma ba ta barbara sai a tsakaninta.

6.0 Sauro: Inda Shingen Ya Shafi Rayuka

Bayan da aka tabbatar a ƙarshen ƙarni na 19 cewa sauron Anopheles ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin Turai suka faɗa cikin ruɗani. Akwai yankunan da sauron ya cika amma babu cutar, akwai waɗanda cutar ta addaba. A shekarun 1920 Domenico Falleroni na Italiya ya lura cewa ƙwayayen da matan sauron ke sakawa suna da zane iri-iri. Bincike a shekarun 1930 ya nuna cewa abin da ake ɗauka nau'i ɗaya tarin nau'o'i ne masu kama ɗaya, wasu suna cizon dabbobi, wasu mutane, kuma ba sa haifar zuriya mai ɗorewa a tsakaninsu. Mayr ya kafa hujja da wannan a littafinsa.

Irin wannan ya maimaitu a Afirka, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da aka fara gano bakin zaren. A tsakiyar shekarun 1950, yayin wani shirin feshi a yammacin Lardin Sakkwato, aka sami sauron Anopheles gambiae mai jure maganin dieldrin a yankin Birnin Kebbi. George Davidson a Landan ya haɗa shi da wanda aka samo daga Legas don ya ga yadda juriyar ke bin gado, sai ya tarar cewa mazan da aka haifa ba sa haihuwa, daidai da ƙa'idar Haldane. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka tabbatar cewa sunan gambiae yana rufe da nau'o'i da dama. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka kira arabiensis, ya fi jure fari, yana cizon shanu da mutane, kuma yakan huta a waje, inda feshin bango ba ya riskarsa.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban bincike a Garki, wadda take Jihar Jigawa a yau. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani, cutar ta ragu ƙwarai amma yaɗuwarta ba ta yanke ba. Mario Coluzzi, masani ɗan Italiya da ya duba kuromosom na sauron yankin, ya nuna cewa ko a cikin nau'i ɗaya akwai rukunoni masu tsarin kuromosom daban, kuma wasu sun fi wasu son kwana a waje. Ci gaban wannan aiki a Mali da Burkina Faso ya fito da rukunoni biyu da ke zaune a ƙauye ɗaya amma da wuya su cakuɗu. Ɗaya yana hayayyafa a kududdufan ruwan sama masu saurin ƙafewa, ɗaya a ruwa mai daɗewa irin na fadamun shinkafa. A Mali an ga mazansu suna taruwa da magariba a gungu daban-daban. Idan aka haɗa su a ɗakin gwaji 'ya'yansu suna haihuwa, ke nan shingen nasu na kafin barbara ne. A 2013 aka ba rukuni na biyu suna Anopheles coluzzii. Shingen bai gama rufewa ba: a wani yanki na Mali, wajen 2006, ƙwayar gadon jure maganin gidan sauro ta tsallaka daga gambiae zuwa coluzzii ta hanyar 'yan haɗin da akan samu.

7.0 Kammalawa

Ma'aunin Mayr yana da iyaka. Ba ya aiki a kan halittun da ke hayayyafa ba tare da barbara ba, kuma akwai nau'o'in da kowa ya yarda daban suke, kamar raƙumi mai tozo ɗaya da mai tozo biyu, alhali 'ya'yan haɗinsu suna haihuwa. Wannan shi ne abin da ake tsammani idan shingen a hankali yake ginuwa: za a tarar da wanda ya kammala kamar na doki da saniya, da wanda ya kusa kamar na doki da jaki, da wanda ake cikin ginawa kamar na sauron Sahel.

Ga ɗalibin ilimin addini, tarihin yana da amfani ta fuska biyu. Ta farko, hukuncin da aka gina a kan siffar wata halitta yana buƙatar a tabbatar da siffar daga masananta, kamar yadda mas'alar raƙumin dawa ta nuna. Ta biyu, hanyar Jahiz da ta al-Jisr, wato tantance abin da aka gani da ido daga abin da aka ji, da rarrabe yaƙini daga zato kafin a yanke hukunci, ita ce ta fi dacewa da bahasin da har yanzu ake tattara hujjojinsa a gonaki da tsibirai da fadamun shinkafa. Allah ne Mafi sani.